Malam Inuwa da Kanawan Cikin Kwalba

Ku da kuka zauna da Malam Inuwa a Kubwa kun san shi da abu guda: bai taɓa ɗaukar lafiyayyar ayaba ba. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa rumfata duk Talata da Juma'a. Zai wuce nunannu masu kyau da na jera a gaba, ya zagaya bayan tebur inda nake tara na zubarwa, ya tsuguna, ya ɗaga guda ya kai hanci kamar mai zaɓen turare. In ta yi baƙi ta fara tsiyaya, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ta yi ilimi." In da sauran ƙwarinta, ya mayar ya ce a bar ta ta ƙara karatu.

Ranar farko na ɗauka halin 'yan fansho ne ya kai dattijo ga haka. Tausayi ya kama ni, na ɓallo masa biyu masu kyau na ce ya karɓa don Allah. Ya dube su kamar na miƙa masa dutse. Ya ce ba shi zai ci ba, baƙi gare shi a gida. Na ce baƙi nawa ne da za a tarbe su da ruɓaɓɓiyar ayaba?

Ya ce, "Jiya dai da na kintata sun haura dubu biyu. Yau ban leƙa ba, ƙila an haihu."

Da na ji harshensa na gane Bazazzagi ne, sai hankalina ya kwanta, don ni Bakano ne, kuma tun kakanninmu mun san abin da yawan karatu yake yi wa mutanen Zazzau. Daga ranar muka ƙulle.

Ashe ƙuda yake kiwo. Ba ƙudan masai ba, 'yan mitsi-mitsin nan masu jan ido da ke shawagi a kan ayaba da mangwaro, waɗanda na kwashe rayuwata ina kora da tsumma. Shekara talatin ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Ba farfesa ba ne, kuma duk wanda ya kira shi Dakta sai ya gyara masa. Shi ne mai wanke kwalabe, mai dafa wa ƙuda abinci, mai rainonsu don ɗalibai su yi nazari. Wasu suna yin ritaya da mota, wasu da gona. Malam Inuwa ya yi tasa da wani tsohon madubin ƙara girma da aka jefar ya gyara da kansa, da son ƙuda da ya ƙi barinsa.

Tsimi kuwa, ko mu Kanawa sai mu sara masa. Kwalabensa na maganin tari ne da ya tsinto ya dafa. Murfinsu audugar tsohon matashin kai. Abin juya ƙuda gashin kaza. In zai duba su, ya ɗora kwalbar a kan ledar ruwa mai ƙanƙara, sanyi ya sumar da su, ya zazzage a farantin tangaran. Abincinsu kuwa ayabata ce, ya dafa ta da garin masara ya barbaɗa yis na masu burodi. Na taɓa ɗanɗanawa. Ban ba da shawarar kowa ya gwada ba.

Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma ina so ku sani yau a duk kasuwar Kubwa babu wanda ya fi ni sanin idon ƙuda, kuma ina jiran a ba ni takardar shaida. Ranar da ya fara sa ni na leƙa madubin nan, sai da na ja baya. Abin da nake ɗauka ɗigon ja ne, ashe ƙananan idanu ne wajen ɗari takwas a jere, kowanne da gefe shida kamar saƙar zuma, babu wanda ya taka layin ɗan'uwansa. Ya ce tun ƙudan yana tsutsa ake gina shi. Akwai wani ɗan faifan tsoka a cikin tsutsar, sai wani layi ya taso daga baya ya ratsa shi zuwa gaba, duk inda ya wuce ya bar idanu sahu-sahu. Na ce ban gane ba. Ya ce in tuna Gwari in suna huɗar doya: masu garma suna gaba, tulin ƙasa yana fitowa a jere a bayansu. Masu ba da umarnin a fara, a ci gaba, a tsaya, su ne ƙwayoyin gado da ɗa yake karɓa daga uwa da uba. In guda ta samu tangarɗa, gonar ta tsaya a rabi.

To, irin wannan tangarɗar ce ta zama dukiyarsa. A shekararmu ta biyu ya kama ƙudaje daga bayan teburina ya yi ta haɗa su aure a junansu. Wata safiya sai ga shi a rumfata ba hula, abin da ban taɓa gani ba. Ya ja ni har gida. A cikin madubi na ga ƙuda da ido ɗan siriri, kamar an tsaga da reza, bai kai rabin na 'yan'uwansa ba. Ya ware masu irin wannan idon, suka hayayyafa, 'ya'ya da jikoki duk da tsukakken ido. Ya ce ya san masu siririn ido iri-iri tun yana aiki, amma yadda jeren waɗannan yake karkacewa a gefe bai taɓa gani ba, kuma al'adar masana ce wanda ya samo shi yake raɗa suna. Na gyara zama, ina zaton za a yi mini takwara.

Ya ce, "Na sa musu Kanawa."

Na ce saboda daga rumfata suka fito?

Ya ce, "Wannan ɗaya ne. Na biyu, dubi idon da kyau. Haka kake yi da naka in mai saye ya taya."

Na yi fushi na kwana biyu. A na uku na aika masa da ayaba, don kada 'yan'uwana su kwana da yunwa a hannun Bazazzagi.

Nan ne fa ɗawainiya ta hau kanmu. Irin hatsi ana ɗaure shi a rumbu ya shekara. Irin ƙuda ba a shanya shi, ba a daskarar da shi. Hanyar adana shi ɗaya ce: duk mako biyu a juye su cikin sabuwar kwalba da sabon abinci. A yi sakaci, su ƙare, kuma babu inda za a je a sayo wasu. Malam Inuwa ya rubuta wasiƙu jami'o'i, yana neman wanda yake da manyan na'urori ya zo ya karanta wace ƙwayar gado ce ta samu tangarɗa. Wasu ba su amsa ba, wasu suka ce sai an samu hali. Bai taɓa zagin kowa ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, namu mu riƙe su da rai har mai karatu ya zo.

Kuma riƙon ba na wasa ba ne. Waɗanda suka halarci ɗaurin auren 'yarsa Jummai shaida ne. An shafa fatiha, dangin ango da suka taso tun daga Karu suna neman uban amarya a gaisa a yi hoto, uban amarya ya ɓace. Aka duba masallaci, aka duba rumfar baƙi. Ni da na san hali na zagaya ɗakin baya. Na same shi da babbar riga ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ido a madubi, gashin kaza a hannu, yana ware 'yan matan ƙuda daga samari. Dokar aikin ita ce, macen da za a yi gwajin gado da ita dole a raba ta da maza cikin 'yan awoyi da fitowarta daga kwanso, in ba haka ba ba za a san uban 'ya'yanta ba. Na ce Malam, ka ji tsoron Allah, surukanka suna tsaye a rana.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Waccan na san wanda na ba. Waɗannan in na ƙara awa ɗaya, su za su zaɓa da kansu."

A hoton bikin, in kun duba da kyau, akwai gashin kaza a aljihun gaban rigarsa.

Matarsa Hajiya Balaraba ita ce ta cancanci lambar yabo. Shekara da shekaru ba a fesa fiya-fiya a gidan nan ba, ko turaren sauro ba a kunna ba. Kowa ya shige gidan sauro ya yi haƙuri. Maƙwabci ma in zai yi feshi sai ya aiko a sanar, Malam ya toshe taga da tsumma. Duk ta jure. Abin da ya ƙure ta shi ne wata bazara da zafi ya tsananta, wuta kuma ta yi ɓatan dabo. Zafi in ya yi yawa mazan ƙuda ba sa haihuwa. Hajiya ta dawo daga unguwa da ƙishirwa, ta buɗe randarta, ta tarar an kwashe ruwan, an zuba jiƙaƙƙen yashi, an jera kwalabe a ciki suna shan sanyi. Ta aiko aka kira ni in yi shari'a. Malam ya kare kansa da cewa ita in ta ji zafi tana da mafici, su fa?

Hajiya ta ce, "Su da Allah ya manna wa kowanne mafici biyu a baya?"

Na yanke hukunci Hajiya ce da gaskiya. Randar dai ba ta dawo ba. Sabuwa aka sayo mata, ita kuma daga baya na sha kama ta tana yayyafa wa yashin ruwa in Malam ya tafi masallaci.

Wani yammaci a majalisarmu ta gindin dalbejiya ya ba mu labarin da ya kusa raba zumunci. Ya ce akwai wata ƙwayar gado guda, ita ce uwar gayya, ita ke cewa a gina ido a nan. Masana sun kunna ta a ƙafar ƙuda, ido ya fito a ƙafa. Sun kunna ta a fiffike, ido ya fito a fiffike. Kuma irinta tana jikin ɓera, tana jikin ɗan Adam. Wasu suka yi ta istigfari, wani ya ɗauki buzunsa ya koma gefe. Malam Inuwa ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. Masanan nan ko gashin ƙafar ƙuda ba su halitta ba, makunni suka tarar a bango suka danna. In akwai abin tasbihi, to wannan ne, a ce maginin idonka da maginin idon ƙudan ayaba da kalma ɗaya ake tashinsu aiki.

Ban sani ba, ashe a lokacin nasa idon ya riga ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, likitoci suka ce, yana cinyewa daga gefe har ya rufe tsakiya. Ya ɓoye mana kusan shekara. Ni na gano, ranar da na ga ya ɗauki lafiyayyar ayaba yana juyawa sai da hancinsa ya gaya masa gaskiya. Sai tsokana ta zo mini. Na ce to ai sai ya danna makunnin nan, ido ya fito masa a gwiwa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce idon ƙafa yana jin haske amma ba ya kai labari inda ya kamata, ado ne kawai, kamar karatuna.

Da tarin ya lafa, ya ce, "Alhaji Sabo, za ka ara mini naka?"

Shekara goma sha ɗaya, ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana. Kullum Bakano nake.

Haka na koma makaranta da furfura. Bayan la'asar in rufe rumfa in tafi. Shi yana zaune a gefe da sandarsa, ni ina kan madubi. Namiji ƙarami ne, gindinsa baƙi a dunƙule. Mace ta fi girma, nata da tsini da zane-zane. Kada ka bar su su jiƙe a kan ƙanƙara. Kada ka danna gashin kaza kamar mai sharar tsakar gida. Ranar farko ya ce, Bakano, me ka gani? Na ce na ga ƙuda. Ya ce masha Allahu, an shiga aji biyar. Daga baya har ya kan sa in kwatanta masa jeren idon, layi-layi, inda ya miƙe da inda ya karkace, shi kuma yana lumshe nasa yana gyaɗa kai kamar mai sauraron karatu. Shekara biyu muka yi a haka.

Ciwon da ya ɗauke shi bai kai mako ba. Na je asibiti da hantsi, Hajiya da Jummai suna gefen gado. Ya kama hannuna, na sunkuya, ina zaton wasiyya ce mai nauyi, gida ko iyali. Ya ce, "Ranar Asabar ne canji." Na ce na sani. Ya ce ya san na sani, Kanawa ne ba a yarda da su. Washegari Allah ya karɓi abinsa. Ranar Asabar, ana zaman makoki a ƙofar gida, na zagaya ɗakin baya na yi canji. Kwalba uku ne na Kanawa. Hajiya ta ce in bar su a inda suke, ta saba da warinsu.

Yanzu sai in faɗi laifina, don shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar sadakar arba'in Hajiya ta yi waina, unguwa kaf ta ci. Na shiga ɗakin baya na dubi kwalaben nan, sai zuciyata ta karye. Su ma fa iyalinsa ne, su ma marayu ne, kowa ya ci sadaka ban da su. Na koma rumfa na zaɓo ayabar da ta fi kowace ilimi, na yanka uku har da ɓawonta, na jefa wa kowace kwalba yanki guda, don sadaka ba a wariya. Ban dafa ba. Shekarun nan duk ban taɓa tambayar dalilin dafawa ba, na ɗauka iyayin 'yan boko ne.

Na ci gaba da canji a kan lokaci, amma madubin ban buɗe ba. Yana nan da ƙyallen da ya rufa masa. In na zauna a gabansa sai in ji kujerar gefe ta yi mini shiru da yawa, in tashi.

Sai makon jiya Jummai ta zo da albishir. Ita aikin gwajin jini take yi a wani asibiti, kuma ashe ta ci gaba da aika saƙonnin mahaifinta ta waya. Wata malamar jami'a ta amsa. Ta ga hotunan idon, ta ce tana so ta zo da kanta ta ɗauki iri in sun gama jarrabawa. Mai karatu zai zo! Na ce bari in duba mutanena in gyara su. Na yaye ƙyalle, na sumar da kwalba ta farko, na zazzage. Ido cikakke, ja jawur, kamar na kowane ƙudan bola. Na juya na gaba, haka. Kwalba ta biyu, haka. Ta uku, haka. Bakano ko ɗaya ban gani ba.

Mutum ya makance yana riƙe da abu, ya danƙa mini, wata uku ban cika ba na kashe shi. Na gaya wa Jummai duk abin da na yi. Ta dube ni, ta fashe da dariya har ta dafa bango, dariyar ta juye kuka, muka zauna muka yi tare. Da ta share ido ta ce ƙwan ƙudan kasuwa yana manne a jikin ɓawon, shi ya sa mahaifinta yake dafawa. Baƙin sun ƙyanƙyashe a cikin kwalba, kuma sun fi Kanawa ƙarfi da gani, sun rigaye su wajen mata. Na ce shi ke nan, bari in zubar in wanke kwalabe, in malamar ta zo in durƙusa in ba ta haƙuri.

Ta riƙe mini hannu ta ce, "Baba Sabo, kada ka zubar. Tsukakken idon nan ɓuya yake yi in ya haɗu da cikakke, ba mutuwa yake ba. In dai matan Kanawa ne suka haifi wasu daga cikin waɗannan, yana jikinsu. Duk inda uwa da uba suke ɗauke da shi, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito da shi."

Na ce in kuma ba su ne suka haife su ba fa? Ta ce sai mu jira mu gani. Kwana goma.

Yau kwana takwas. Na dafa abinci har sai da ya kusa kamawa, na raba su kwalba shida, na jera a randa. Tsutsotsi sun hau jikin gilashi sun daskare a kwansonsu. Jummai ta ce a kwanakin ƙarshe jan idon yana nunawa ta cikin kwanso tun ƙudan bai fito ba. Ɗazu na ɗauki kwalba ta huɗu na kai taga na saka tabarau. Ga ɗige-ɗigen ja nan biyu-biyu, manya-manya. Can ƙasa kusa da abinci akwai guda da nasa suka yi mini kamar sirara. Na kira Hajiya, ta duba ta ce ita duk ƙuda ƙuda ne, amma ta daɗe ba ta ajiye kwalbar ba. Ƙila shi ne. Ƙila idon tsoho ne yake ganin abin da yake so. Jibi za mu sani.

Ya Allah, bawanka Inuwa ya ƙare rayuwarsa yana kallon ƙanƙanin aikinka yana jinjina maka, har hasken idonsa ya ƙare bai gaji ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka mayar masa da ganinsa ninkin ba ninkin, ka nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Ni kuma da na ɓata amana da kyakkyawar niyya, ka rufa mini asiri ka fito mini da ko biyu ne, mace da namiji, don in mun haɗu in iya ɗaga kai in dube shi. Amin.